Gonar da Na Hana Lukman

Mu na Allah ne, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 13 ga Mayu, 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran ƙanena Dakta Lukman Ja'afaru a wani asibiti a Kano, bayan jinyar kwana tara. Bayan la'asar muka binne shi a garinmu Zinyau, kusa da mahaifinmu.

Lukman, ni na riƙa kai ka firamare a bayan keke, ni ne kuma na fi kowa yi wa aikinka dariya. Sau nawa ka zaunar da ni kana bayani? Ka ce idan hadari ya taso, ko iska ta hau kan duwatsu irin namu na Rano, sai a tunkuɗa ta sama, nauyinta ya dawo da ita, ta sake tashi. Daga nan sai igiya ta tafi a cikin iska, kamar igiyar ruwan tafki idan an jefa dutse. Ka ce rada, na'urar da ke aika saƙon rediyo sama ya dawo, ita ke gaya muku gudun iska a can nisan kilomita tamanin, ku kuma ku karanta sawun igiyar. Ni dai in gyaɗa kai, hankalina yana kan taki.

Mutanen gari sun ɗauka mai karatun iska dole ya san ranar ruwa. Duk bazara sai Kawu Ramalan ya tare ka a ƙofar masallaci ya tambaye ka yaushe za a yi shuka. Ba ka taɓa yi masa ƙarya don ka burge shi ba. Sai ka durƙusa ka ce ba ka sani ba, iskarka tana can saman gajimare. Ya ce to an yi asarar kuɗin makaranta. Ka yi dariya, ka karɓi butarsa ka raka shi gida. Da hutu kuma ka tafi Kibiya kana koyar da ɗaliban sakandare kyauta, da bahon ruwa a hannu da tsakuwa a aljihu, don nuna musu igiyar.

Abu ɗaya ka taɓa roƙona. Shekara uku da suka wuce ka ce ka gaji da aron ma'aunin wasu ƙasashe, kana so a auna iskar gida. Kai da abokan aikinka kun sami alkawarin rada, saura fili. Ka nemi gonar gado ta bayan dutse, wadda tun rasuwar Baba take hannuna a matsayina na babba. Kana da haƙƙi a cikinta, amma ba ka ce a raba ba, don ba ka son a ce ka tsallake yayanka. Na ce gonar dawa ba a shuka ƙarfe a cikinta, ka bari sai bayan girbi. An yi girbi uku, kullum amsata ke nan.

Ranar da na je duba ka a asibiti, ka riƙe hannuna ka ce, "Yaya Uzairu, bana ma sai bayan girbi?" Na ce ka warke tukuna. Wallahi na riga na yanke shawarar ba ka, nauyin baki ne kawai ya hana ni faɗa. Wannan nauyin bakin shi ke cin zuciyata.

Kwana uku bayan binne ka na je gonar. Na ɗaga kai na ga gajimare ya jeru layi-layi kamar kunyoyin huɗa, irin wanda ka sha nuna mini kana cewa ga sawun igiyar nan. Karo na farko ke nan da na so in tambaye ka. Na zauna a ƙasa na yi kuka kamar yaro.

An yi ruwan shuka makon jiya, kowa ya fita, ni ban zuba ko ƙwaya ɗaya a bayan dutse ba. Na kira abokan aikinka na ce su zo su auna filin. Kawu Ramalan ya tambaye ni me zan shuka a wurin, na ce ƙarfen Lukman. Bai yi dariya ba.

Ya Allah Ka gafarta wa Lukman, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa iliminsa ya bi shi da lada. Ka ba matarsa Mufida da 'yarsu Afra'u haƙuri, Ka raya ta bisa imani. Ni kuma, ƙanena, ka yafe mini. Gonar taka ce, na ba ka.