Kwallar Jegon Mma

Ranar Juma'ar da ta biyo bayan Babbar Sallah, a shekarar da na shiga aji biyar, na dawo daga rijiya da bokiti a kaina na tarar da Gwaggo Salamatu, yayar babana, tana fitowa daga ɗakinmu rungume da kwallar jegon mahaifiyata. 'Ya'yanta mata biyu kuma suna kwasar itacen da muka tara a bayan ɗaki suna kaiwa ɗaya sashen gidan. Kwana biyu ke nan da Mma ta dawo daga asibiti hannu wofi. Ta yi kwana da yini tana naƙuda, yaron ya zo bai ko yi kuka ba, aka rufe shi kafin la'asar. Babana kuwa ya tafi Bawku da lodin doya, ko labari bai kai masa ba tukuna.

Wannan kwalla na san abin da ke cikinta kamar yadda na san tafin hannuna. Kakata, uwar Mma, ita ta aiko da ita daga Yendi tun cikin yana wata bakwai, domin ciwon ƙafa ya hana ta zuwa da kanta. Akwai man kaɗanya cike da ƙwarya, da sabulun salo, da yajin da ta daka da citta da kimba da masoro, da kanwa, da daddawa, da busasshen kifi, da tsofaffin zannuwa da ta wanke ta yayyaga ta ninke, da dogon ƙyallen ɗaure ciki. Itacen kuwa mu muka tara shi. Wata uku cur, duk ranar Asabar ina barin ƙawayena suna wasan ampe a ƙofar gida, ni da Mma mu bi hanyar Kpandai mu shiga gonakin doya muna tsintar busassun rassa. Tana tafiya tana tsayawa tana dafe ƙugu, ni kuma in ɗaure mata gammo. Takan ce mini, "Rabi, ruwan zafin kwana arba'in ba wasa ba ne, mu ƙara ko dami ɗaya."

Na dire bokitin har ruwan ya zube, na sha gaban Gwaggo na kama bakin kwallar. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Fuseina ce ke shayarwa. Uwarki me za ta yi da su yanzu?" Fuseina matar ƙanen babana ce, ta haifi ɗa namiji kwana uku kafin Mma. Na ce Kakata ba Fuseina ta aiko wa ba. Ban rufe baki ba na ji mari, kunnena ya ɗauki ƙara. Daga cikin ɗaki na ji muryar Mma can ƙasa, kamar ta wadda ba ta ci abinci ba kwana uku, tana cewa, "Sake musu, Rabi." Na sake. Har yau idan na tuna da na sake, ina jin haushin hannuna.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ci mini rai. Gidanmu na Salaga babban gida ne, tun na kakanni masu fataucin goro, mutum ya fi talatin a ciki. Mata suka yi ta shigowa gaisuwa, kowace ta zauna ta ce, "Sai haƙuri, Allah ya kawo mai albarka," ta tashi ta wuce sashen Fuseina ta ɗauki jariri ana shewa. Ba wadda ta tambayi Mma ko ta yi wanka. Ba wadda ta lura cewa a karkace take zama saboda ɗinki. Ruwan nono ya cika mata ƙirji har ya jiƙa rigarta, ta riƙa rufewa da mayafi kamar wadda ta yi abin kunya. Daga can kuma ƙamshin farfesu da kunun kanwa yana taso mana, da yajin Kakata, a kan itacen da ni na ɗauko a kaina. Kwana na huɗu sai ga Mma a tsakar gida da tsintsiya, domin an ce zaman ɗaki yana ƙara baƙin ciki, ta fito ta taya aikin sunan ɗan Fuseina.

Washegari ban je makaranta ba. Na jira Gwaggo ta tafi kasuwa, na je na kwaso itace guda shida daga inda suka jibge, na hau bishiyar dogon yaro da ke ƙofar gida na karyo ganye, na ɗora babbar tukunyar ƙarfe. Ban san yadda ake wankan jego ba, na dai ga ana yi. Hayaƙi ya cika mini ido, ina kuka ina hura wuta, ban san wanne ne na hayaƙi wanne ne na zuciya ba. A haka Mma Adisa ta same ni, wata tsohuwa 'yar Gwanja mai suyar ƙosai a bakin layinmu, ta shigo neman garwashi. Ta dubi tukunyar, ta dubi ni, ta leƙa ɗakinmu. Da ta fito sai ta tsaya a tsakiyar gida ta ɗaga murya da Hausarta ta zango wadda ba ruwanta da bambanta mace da namiji: "Ku mutanen gidan nan, mace ya haihu ko bai haihu ba? Yaro ya tafi, to jinin fa, ya tafi? Wa ya gaya wa jikinsa babu yaro?" Ba wadda ta fito. Ina ganin labule yana motsi a ɗakuna.

Ita ta yi wa Mma wankan farko, ta gasa mata jiki da ganyen, ta yaga nata zanen ta ɗaure mata ciki da ƙirji. Kullum da safe kafin ta ɗora kaskon ƙosai sai ta zo, har aka yi arba'in. Fuseina ma, baiwar Allah, ashe an ce mata Mma ce ta ba ta kayan don kanta. Da ta ji gaskiya sai ta aiko da ƙwaryar man da rabin yajin a ɓoye cikin kwanon abinci, tana tsoron Gwaggo. Amma wanda na jira shi ne Baba. Ranar da ya dawo na tare shi a zaure na zayyana masa komai. Ya saurara har ƙarshe, ya shafa kaina, ya ce, "Wannan harkar mata ce, Rabi." Ya shiga ya yi alwala. Mari ma bai yi mini zafin wannan magana ba.

Mma ta ƙara haihuwa biyu bayan haka, duk suka rayu, amma ba ta sake yin jego a gidan ba, Yendi take tafiya. Ba ta taɓa ambaton Gwaggo da sharri a gabana ba, kuma wannan ma ya daɗe yana ba ni haushi.

Yanzu ni ma na haifi nawa, na aurar. Shaguna sun cika da kayan mai jego a cikin leda mai ƙyalli, audugar mata, filas, man shafawa, bel ɗin ɗaure ciki, kowanne da hoton jariri yana dariya a jiki. Ba mai zuwa daji neman itace, gas ake kunnawa. Amma ko a watan jiya na je gaisuwar wata yarinya a layinmu da ta dawo daga asibiti ba goyo, na tarar da ɗaki cike da masu ba da haƙuri, murhu kuwa sanyi ƙalau. Na ajiye mayafina na ɗora mata ruwa. Ina tsaye a bakin wutar na ji ina ma a ce Mma tana raye, in gasa mata bayanta ko sau ɗaya da hannun da yanzu ya iya.