Dodon da Yake Cin Auduga

A gidanmu na Bungudu murhu biyu ne. Akwai babba a tsakar gida inda ake tuƙa tuwon kowa da kowa, akwai kuma ɗan ƙarami a bakin ɗakin kakata, Inna Kulu, wanda ba a ɗora masa komai sai ruwan alwalarta da ɗumamen safe. A gindin ƙaramin nan muka yi ƙuruciya. Idan kaka ta yi, an kwashe gero an fara tsinkar auduga, da an idar da sallar isha'i za ka ga muna sulalowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da abin da ya ɓoyo a cikin riga, wani gyaɗa, wani dankali, mu tura cikin toka mu jira.

Inna ba ta zama kusa da wutar. Can gefe take kafa 'yar kujerarta, domin ta ce auduga da wuta ba a haɗa su hira. Gabanta da faffaɗan dutse da wani siririn ƙarfe, tana ɗora auduga tana murzawa, gurya tana fita ta gefe. Aikinmu shi ne tsince guryar nan mu zuba a ƙwarya. Wanda bai tsinta ba, babu tatsuniya a kunnensa. Ni ce na ci sunanta, saboda haka ni ke zama dab da ƙafarta, ina jin ƙamshin goro da man kaɗanya a jikinta.

Tatsuniyoyinta da yawa, amma akwai ɗaya da sai lokacin auduga take fito da ita. Takan gyara murya ta ce, "Ga wata nan ta taso daga nesa." Mu kuwa mu haɗa baki, "Ta ƙaraso, mun share mata wuri."

Wai a wani zamani, in ji Inna, an yi wani gari da kowace mace ke da mazari, kowane lungu da masaƙi. A gonarsu suke tsinko auduga, su kaɗa, su saƙa, su ɗaura. Ana nan sai wani dodo ya sauka kusa da Gusau. Jikinsa duk ƙarfe, ba shi da ido, bakinsa ya yi faɗin zaure. Ba ya cin mutum, ba ya cin dabba. Auduga kaɗai yake ci, ya tofar da gurya ta baya, safe da yamma ya kwarara ihu har a jiyo shi a ƙauyuka.

"Inna, ba ya ƙoshi?" in ji wani daga cikinmu, kullum sai an yi tambayar nan.

"Ƙoshi? Jakkai sunka kai mai, raƙuma sunka kai mai, bai taɓa cewa alhamdu lillahi ba."

Dodon ya aika manzanni ƙauye ƙauye. Duk wanda ya kai masa auduga zai samu gishiri da tasoshi masu ƙyalli da yadi mai santsi wanda ba a taɓa ganin irinsa ba. Ya kuma aiko da nasa irin, ya ce shi za a riƙa shukawa, a watsar da na kaka da kakanni. Mutane suka yi murna, don kuwa sabon irin yana yin yabanya. A garin akwai wata mata, Ladi mai mazari. Inna takan tsaya a nan ta ɗaga mana yatsa.

"Kar ku zaci Ladi ta ƙi dodo. Ba wawuya ce ba. Ta kai nata, ta sayo tasa tata, ta sha fura a ciki."

Abin da Ladi ta yi kawai shi ne ta rage cikin tafin hannu na tsohon iri, ta shuka a bayan ɗakinta a tsakiyar kuɓewa, inda mai wucewa ba zai bambance furensu ba. Kowace shekara ta tsinke, ta cusa a tulu, ta rufe. Sannu a hankali mata suka watsar da kaɗi, yara suka mai da mazari abin wasa, masaƙa suka koma dako.

Sai wata shekara aka yi rikici a can ƙasar da dodon ya fito, hanya ta toshe. Ya haɗiye audugar shekarar kaf, amma yadi bai zo ba. Zannuwa suka yayyage a jikin mutane. A mako guda wani dattijo ya kwanta ciwon ajali, 'yar Ladi kuma ta haihu, ga shi babu likkafani a garin, babu zanen goyo. Nan Ladi ta buɗe tulunanta. Ta tara tsofaffin da hannunsu bai manta ba, suka yi ta kaɗi ba dare ba rana, wani tsohon masaƙi ya kakkaɓe kayansa ya saƙa. Ranar da ƙyalle ya sauka, a ranar dattijon ya cika. Ƙyalle ɗaya, mabuƙata biyu. Kowa ya zuba wa Ladi ido, tunda audugarta ce, jikanta ne kuma.

Inna takan ajiye ƙarfen gurzarta a nan, ta dube mu. "Ku mi za ku yi?"

Mu yi ta gardama, wasu su ce jariri, wasu su ce a raba biyu. Sai ta bari mun gaji, ta ce, "Ladi ta ce a kai ma mamaci, shi ba ya iya jira. Jinjiri kuwa ta kwance ɗankwalinta ta goya shi." Bayan haka Ladi ta bi gida gida tana raba iri. Da hanya ta buɗe, mutane suka ci gaba da kai wa dodo auduga, amma kowace mace ta bar 'yar kunya ɗaya a bayan ɗaki.

"Ku ci da baƙo, ku yi ciniki da shi," in ji Inna, "amma kar ku ba shi ajiyar iri. Nan ta tsaya. Wanda bai ƙoshi ba ya tono dankalinai."

Abin da ke ƙara wa tatsuniyar nan armashi shi ne mahaifina. A lokacin yana aiki a wata masaƙa ta zamani a Gusau, sai ƙarshen mako yake dawowa a kan kekensa, da burbushin auduga a gashin kansa har cikin kunnuwa. Da ya yi sallama Inna za ta ce, "Ga baran dodo nan ya iso." Shi kuwa ya durƙusa yana dariya ya ce, "Inna, dodon nan fa shi ke ci da mu." Ta ce, "Ai ban ce mugu ne ba. Cewa na yi baƙo ne."

Ina kwalejin horon malamai Inna ta rasu. Bayan wasu shekaru masaƙar ta tsaya. Baba ya tattaro ya dawo Bungudu ya kama noma, da kunne ɗaya da ƙarar injuna ta kashe. Bai taɓa yi mana ƙorafi ba, amma daga ranar bai sake ambaton wurin ba. Idan muka shigo Gusau a mota aka biyo ta gefen ginin, sai ya sami abin kallo a ɗaya tagar. Mutumin da a da shi ne mai ba da dariya a gidan ya zama daga gona sai masallaci sai tabarmarsa a zaure. Muka saba da shirunsa har muka ɗauka halinsa ne.

Yanzu ina koyarwa a wata firamare a Tudun Wadan Gusau. Wani zango aka ba ni darasin sana'o'in garinmu na da da na yanzu, na buɗe littafin da ke hannuna na ga babu ko layi ɗaya a kan Gusau. Dole ta sa na koma wayata. Da farko ban samu komai ba sai labaran siyasa. A hankali na gane bakin zaren. Na gane cewa Turawa ba yadda muke rubuta sunayen garuruwanmu suke rubutawa ba, sai da na rubuta Chafe maimakon Tsafe sannan tsofaffin taswirori suka fara fitowa. Na gane akwai ɗakunan karatu na nesa da suka ɗauki hoton tsofaffin rahotanni suka zuba a intanet kyauta, akwai kuma kundayen binciken da ɗaliban jami'o'inmu suka rubuta a kan noma da layin dogo da kasuwanni. Nakan sayi data ranar Juma'a, in gama aikin gida, in zauna ina bi shafi shafi har idona ya yi yaji.

A cikin irin wannan karatu na ci karo da bayanin injin gurzar auduga da aka kafa a Gusau zamanin Turawa, da yadda ake raba wa manoma sabon iri ana hana su cakuɗa shi da na gargajiya. A ofishin malamai nake a lokacin. Na ƙyalƙyale da dariya ni kaɗai har abokiyar aikina ta ce, "Malama Hauwa, lafiya?" Na ce, "Lafiya lau. Wani dodo na gani da na daɗe ina jin labarinsa." Na nemi Ladi kuma, ban same ta ba. Rahotannin sun san nauyin audugar da aka saya, ba su san wadda ta tsinko ta ba.

Daga nan na faɗa wani zaure a dandalin sada zumunta inda mutanen yankinmu ke sa tsofaffin hotuna. Wata rana wani mutumin Tsafe ya sa hoton da ya ce ya tsinta a akwatin kawunsa marigayi. Ma'aikata ne sun jeru a ƙofar masaƙa, wasu a tsaye wasu a tsugune, babu sunan kowa. Ban gane fuskar ba da farko. Tsayuwar na gane, da yadda aka karkata hula gefen hagu. Baba ne, yana saurayi, ya dafa kafaɗar wani yana dariya har haƙoransa a waje.

Na yi kwanaki ina shawara da zuciyata. Tsoro nake ji kar in fama masa ciwon da ya sha wahalar rufewa. Ranar Asabar dai na shiga mota na tafi Bungudu. Na same shi a zaure bayan la'asar yana gyaran igiyar akuya. Da yake sunan mahaifiyarsa gare ni, Uwata yake kirana.

"Uwata, yau babu makaranta?"

"Babu, Baba. Wani abu na kawo maka ka gani. In ba ka so, sai in mayar."

Ya sa tabarau, na buɗa masa hoton da yatsu. Ya ƙura wa hoton ido, har na miƙa hannu zan karɓe wayar. Sai ya riƙe ta gam.

"Wanga Garba Dogo ne," ya ce a hankali. "Mutumin Tsafe. Shi ya koya mini ɗaurin zare in ya tsinke." Ya matsa da yatsa. "Wanga Audu, Bafillace ne, ya baro shanu ya taho, kullum sai ya ce inji ya fi saniya taurin kai. Wanga Yakubu, daga kudancin Kaduna ya zo, tare muke cin tuwo a kwano ɗaya."

Bai bar kowa ba. Wanda sunansa ya ɓace masa sai ya ba ni laƙabinsa da ƙauyensu. Ya kwaikwayi tafiyar shugabansu, ya yi dariya har da tari. Mahaifiyata ta leƙo daga cikin gida ta tsaya riƙe da labule tana saurare. Sai kiran sallar magariba ne ya tashe mu. Na tambaye shi ko in rubuta sunayen a ƙarƙashin hoton. Ya ce, "Rubuta. Ai ba ɓarayi ba ne, aiki munka yi."

A hanyar komawa Gusau na yi ta tunanin maganar Inna. Ina yarinya na ɗauka gargaɗi ne a kan auduga. Da masaƙa ta tsaya na ɗauka duba ta yi wa ɗanta. Yanzu ina ganin ta fi haka sauƙi. Baƙi za su yi ta zuwa, kowanne da amfaninsa, wayar da ke hannuna ma ɗaya ce daga cikinsu, kuma na ci moriyarta ƙwarai. Ita ta adana mini taswira da rahoto da hoton da ban san yana duniya ba. Amma fuskoki kawai ta iya riƙewa. Sanin ko su wane ne yana wurin wani tsoho a zaure, wanda muka yi shekaru muna gaishe shi ba mu tambaye shi ba.

Ba a yi mako ba wata mata ta aiko mini da saƙo daga Kaduna. Ta ce Yakubun da na rubuta mahaifinta ne, ya rasu tana goye, ba ta taɓa ganin hotonsa yana matashi ba. Ta ce ba ta son ta takura wa dattijo, amma ko zai yarda ta ji muryar wanda ya san shi?

Asabar ta gaba na koma Bungudu na kira ta, na kara wa Baba wayar a kunnensa mai ji. Ina jiyo muryarta tana gaishe shi. Baba ya amsa, ya tambaye ta maigidanta da yara ɗaya bayan ɗaya kamar ya san su. Sannan ya jawo matashi ya jingina da bango, ya miƙe ƙafafu.

"Ɗiyata, kina tsaye ko kina zaune?"

Ta ce tana tsaye.

"To nemi wuri ki zauna. Ranar sunanki da kekena ubanki ya tafi sayen rago, kuma yadda ya dawo da ragon nan labari ne mai tsawo."