Shuɗin Shingen Toktosun

Duk ƙauyen babu wanda bai san Toktosun da shingensa ba. Tun da ya bar tuƙin bas ba shi da aiki sai lallaɓa katako. Da zarar ƙanƙara ta narke zai fito da gwangwanin shuɗin fenti, ya kankare ɗakin ajiyar lambunsa, ya sauya ruɓaɓɓen katako, sannan ya bi shingen yana shafawa kamar mai yi wa amarya lalle. Matarsa Burul kan ce da ita ke samun rabin wannan kulawa, da tuni ta koma budurwa.

Rago ɗaya gare shi, ƙosasshe, an ajiye shi don bikin murnar jikarsu ta fara tafiya da ƙafarta. A ƙauyen kowa kan ɗiga wa dabbarsa fenti a haƙarƙari, a haɗa su garke guda su hau tudu kiwo. Alamar Toktosun shuɗiya ce, ba sai an faɗa ba. Alamar kawai ya sani, bai taɓa tsayawa ya ƙare wa ragon kallo ba.

Ana gobe biki ya rantse baƙi ba za su tarar da shingensa a koɗe ba. Ya sake lafta masa fenti ta ɓangaren titi.

"Baban yara, yamma ta yi fa, garke na hanya," in ji Burul.

"Ke dai ji da tukunyarki."

Sai ga tumaki sun gangaro, ƙaiƙayin tsohon gashi na cin su. Suka bi shingen suna goga jiki. Kafin ya yar da buroshi, shuɗi ya rufe kowace alama.

Maƙwabta suka sha dariya, kowa ya shiga zaƙulo nasa da ido. Mambet, ƙaramin maƙwabcinsa, ya cafke mafi ƙiba.

"Kai Mambet, anya ba nawa ba ne wannan?"

"Naka, yaya? To, wane kunnen ne tsagagge?"

Toktosun ya canka: "Na dama."

"Lafiya ƙalau kunnuwansa suke," in ji Mambet, ya ja ragon ya wuce.

Da kowa ya watse, wani ramammen rago mai tari ya rage a ƙofar gida. Abin ya yi wa Toktosun ciwo ƙwarai, don rabin dangi ya gayyato. Burul ta tattaɓa ƙashin bayan dabbar, ta dubi mijinta.

"Wannan dai ba zai kai ba. Gobe in baƙi sun zauna, sai ka yanko musu shingen."