Fatsar Kawu Mai Jiran Teku

Kwanakin baya ina ratsa kasuwar Bagudo sai wani mai kifin kwali ya farke sabon kwali a gabana. Ƙarnin ya bugi hancina, na tsaya cak har mai babur ya yi mini tsawa. Kifin teku ƙarninsa daban yake da na gulbinmu, akwai gishiri-gishiri a cikinsa. Ni kuwa tun ina yaro na san shi, domin shi ne warin tsohuwar jakar buhu da kawuna yake ratayawa. Bari in ba ka labarinsa, ko da yake rabona a cikin labarin ba mai daɗin faɗa ba ne.

Kawu yayan Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun yana saurayi ya bi fataken albasa ya tsallaka iyaka, ya gangara ƙasar da tsofaffi ke kira Dahomi, har ya dangana da bakin teku. Shekara goma sha bakwai ba a gan shi ba. Da ya dawo ƙauyenmu na kusa da Kaoje, ina ɗan shekara tara, bai zo da mata ba, bai zo da dukiya ba. Abin da aka sauke masa daga mota jakar nan ce, sai wata gora mai tsawon mutum biyu da rabi, an ɗaura mata ɗan gare-garen katako na naɗe zare. Baba ya ba shi ɗakin zaure. Inna ta yi kuka ranar, na murna da na tausayi a haɗe.

A wurinmu ana auna namiji da gonar shinkafarsa ko da jirginsa. Masunta kan shiga kwalekwale su jefa ragar birgi, ko su kafa gura, wato tarkon kifi, su tafi harkarsu. Kawu ba ya yin ko ɗaya. Idan rani ya yi, ruwa ya ja baya ya bar farin yashi shimfiɗe, sai ya naɗe wando zuwa gwiwa ya shiga ruwa kaɗan. Ya mayar da gorar bayansa, ya ɗan yi tsai kamar mai sauraron wani abu, sannan ya wulwulo ta da dukan jikinsa. Zaren ya yi ƙara a iska, dalmar da ke ɗaure kusa da ƙugiya ta tafi can tsakiyar gulbi inda ba wanda ya taɓa jefa fatsa daga tudu. Daga nan ya kafa gindin gorar a yashi, ya ɗora yatsa ɗaya a kan zaren, ya yi ta jira.

Shekara biyu ina binsa kamar jela. Ni ke haƙo masa tana, ni ke riƙe jaka. A bakinsa na fara jin cewa akwai ruwan da ba shi da tsallake, wanda yake cika ya janye sau biyu kowace rana yana bin wata. Ya ce a can ba a jefa fatsa sai an karanci ruwa: ka duba inda raƙuman ruwa ke fashewa su yi fari, bayansu akwai kwari mai duhu, nan manyan kifi ke kiwo. Ka bari raƙumin ya fashe ya koma, ka bi bayansa da gudu, ka jefa, ka juyo kafin na biyun ya iso. Ya nuna mini dalmarsa mai ƙafafun waya huɗu, waɗanda ke kama yashi don kada ruwa ya dawo da ita. Kuma kullum muka dawo gida sai ya wanke ƙugiyoyinsa da ruwan rijiya, ɗaya bayan ɗaya, ya shanya. Na ce, "Kawu, ai gulbinmu ba gishiri." Ya yi dariya ya ce, "Hannu ya saba, ɗana. Gishiri shina cin ƙarhe, kuma hannu ba shi mantuwa."

Abin da ya sauya ni ba wani babban abu ba ne. Na shiga aji biyar, na yi abokai 'ya'yan masu jirage, na fara jin abin da gari ke faɗa. Suna kiransa Mai Jiran Teku. Sukan ce ruwan gishiri ya taɓa masa kai. Yara kan ɗauki karan dawa su kwaikwayi tsayuwarsa, su yi ɗan gudun nan gaba da baya da yake yi kafin ya jefa, alhali gulbi kwance yake lamo. Da farko nakan janye gefe in bar su. Daga baya na gane duk cikinsu ba wanda ya iya kwaikwayon kamar ni, tunda ni na fi kowa kallonsa. Ranar da na gwada, har da yadda yake karkata kai, sai da wani ya faɗi ƙasa don dariya. Na ji daɗin dariyar nan, ba zan ɓoye maka ba. Daga ranar na daina ɗaukar jaka. In ya leƙo da safe ya ce, "Za mu?" sai in ce Malam ya ba mu aiki. Bai taɓa maimaita tambayar sau biyu ba.

Wata Asabar cikin bazara, zafi ya kai inda yashi ke ƙona tafin ƙafa, muka je wanka mu biyar. Kawu na can ƙasa da mu kaɗan, shi kaɗai. Muna cikin wasa sai muka ga gorar ta lanƙwashe kamar baka. Ya zabura ya cafke ta. Ruwa ya tsage a tsakiya, bayan wani giwan ruwa ya bayyana, fari sol, irin wanda masu jirgi kan shekara ba su gani ba. Kawu ya yi ta fama, ya saki zare ya naɗe, ya saki ya naɗe. Can sai gare-garen katakon ya tsage gida biyu. Kafin zaren ya ƙare, ya kai hannun dama ya naɗe shi a tafinsa. Kifin ya ja, Kawu ya shiga ruwa har ƙugu.

Sai ya waiwayo. Idonsa ya sauka a kaina sosai, tsakaninmu bai fi taku arba'in ba. Ya kira sunana ya ce, "Zo ka riƙe ni! Riƙe ni ta baya!" Na ɗaga ƙafa ɗaya. A daidai lokacin wani abokina ya ce, "Ga teku ta zo ɗaukar kayanta," suka fashe da dariya. Na mayar da ƙafar. Kawu ya sake kira. Ni kuwa na toshe hanci na nutse cikin ruwa, kamar wasa ne ya ɗauke mini hankali, na zauna a ƙasa iyakar numfashina. Da na ɗago, zaren ya tsinke. Kawu na durƙushe a bakin yashi, ya matse hannunsa a cinya, jini na bin ƙafar wandonsa.

Zaren ya yanke shi har jijiya. An kai shi asibiti an ɗinke, amma yatsu biyu ba su sake lanƙwasuwa ba, kuma da su ake riƙe zare lokacin jifa. Da yamma Inna na wanke masa rigar tana faɗa, ta ce, "Yaya, duk faɗin bakin gulbin nan ba kowa kusa?" Ina tsaye a bayan rumbu ina jin su. Kawu ya ce, "Ba kowa. Yara na can nesa, iska kuma na kaɗawa." Ba iska ranar, ko ganye ba ya motsi. Bai canza mini fuska ba ko sau ɗaya. Ya ci gaba da ajiye mini ƙanzon tuwonsa, ni kuma na ci gaba da zagaye zaure in shiga gida ta baya. Ya rasu ina aji uku na sakandare, ina makarantar kwana. Sai bayan sadakar bakwai aka gaya mini.

Na girma na zama direban babbar mota, hanya ta kai ni Kwatano. Ranar farko da na sauke kaya na nemi bakin teku. Na tarar da mutane jere a rairayi da dogayen gorori, suna bin bayan raƙumin ruwa da gudu su jefa su juyo. Kowannensu Kawu ne. Ina tsaye gorar wani ta lanƙwashe, sai na ga mai sayar da kwakwa ta dire tirenta, wani mai wucewa ya yar da takalmansa, suka rungumi ƙugun mutumin ta baya har aka fito da kifin. Na tambayi wani dattijo mai jin Hausa ko 'yan'uwan mai gorar ne. Ya ce, "Ina! A nan in gora ta lanƙwasa, wanda ke kusa shi ne ɗan'uwa. Ba a ma jira a kira ka." Na nemi wuri na zauna a rairayi, na daɗe ban tashi ba.

Yanzu yashin nan namu tifofi sun kwashe rabinsa, giwan ruwa kuwa sai a bakin tsofaffi. Abokan wankan nan mun zama masu furfura, muna gaisawa a masallaci, kuma ina jin babu mai tuna ranar sai ni. Inna tana nan da ranta, idonta ya yi rauni. Duk lokacin da hira ta biyo ta kan yayanta, takan girgiza kai ta ce da Allah ya sa ɗanta na wurin ranar nan, da hannun Yaya bai lalace ba, don ta san yadda nake son sa. Sau da yawa na buɗe baki. Abin da ke fitowa kullum shi ne, "Allah ya jiƙansa, Inna." Ita kuma ta ce amin, ta shafa kaina.