Ranar Da Aka Yi Wa Kakata Ta'aziyyar Kanta

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Ina so in fallasa kaina da kaina kan wata ɓarna da na tafka bara, lokacin ina ajin ƙarshe a wata sakandaren jeka-ka-dawo a Birnin Kebbi. Shekarata goma sha bakwai a lokacin, muna zaune a Gwadangaji, kuma da za a ce a nuno yaron da ya fi kowa surutu da ƙiriniya a makarantar, ko mai gadi zai nuno ni ido rufe. Ba wai kaina ba ya ja ba ne, yana ja. Matsalata dai zama wuri ɗaya. Da na yi kwana huɗu a jere ina zuwa aji sai in ji kamar an shuka ƙaya a kan bencina.

Makarantarmu kuwa ba ta wasa da fashi. Sau biyu ake kiran suna, da safe da kuma bayan an dawo tara, don maganin masu tsallake katanga. Wanda ya yi fashin kwana ɗaya sai ya kawo takarda daga gida da sa hannun uba. Wanda ya yi uku babu dalili, sai uban ya zo da ƙafarsa. Wanda aka kama da takardar ƙarya kuma, dakatarwar mako biyu ce, ba roƙo. Rajistar ajinmu tana hannun monitarmu, wata yarinya 'yar 'yan kasuwar Kudu da aka haifa a nan garin, wadda ta fi ni iya Hausa, ta kuma fi alƙali tsauri. Na sha ba ta gyaɗa don ta rubuta na zo. Takan cinye gyaɗar tas, sannan ta rubuta ban zo ba.

Kafin zango na biyu ya yi nisa na riga na ƙarar da cututtukan duniya. Na yi zazzaɓi sau biyar, na yi ciwon ido, na yi ciwon haƙoran da ko fitowa ba su yi ba. Da malamin ajinmu ya gaji, sai ya ce daga ranar duk ciwon da ya kama ni ya zo da katin asibiti. Ana cikin haka ɗan baffana ya kira ni daga Argungu, ya ce ruwa ya janye, za a yi su, wato kamun kifi na gayya, a wani tafki kusa da gidansu, in na zo zai koya mini hawa gora da jefa homa. Ni da tun ina yaro nake mafarkin in fito daga ruwa da kifin da sai ƙarti huɗu sun ɗauka, ai sai hankalina ya bar aji tun kafin jikina. Na zauna na yi tunani, na ga abu ɗaya ne ba a tambayar katinsa, wato mutuwa.

A gida na ce an ba mu kwana uku saboda gasar wasanni, babu karatu. Baba ya ce madalla, in je Argungu in gaishe da tsohuwarsa, in taho da busasshen kifi. A makaranta kuma na rubuta takarda da hannun hagu, na kwaikwayi sa hannun Baba, na ce Allah ya yi wa kakata rasuwa. Don kada a je gidanmu gaisuwa, na ƙara da cewa dukkanmu mun tafi Argungu zaman makoki. Don kada a kira Baba, na ce wayarsa ta faɗa rijiya. Na miƙa wa monita takardar ranar Talata da aka tashi, ina goge ido da hannun da na shafa wa albasa. A karo na farko a tarihi na ga fuskarta ta yi laushi. Har cewa ta yi in yi haƙuri, za ta kwafe mini duk darasin da aka yi. Na fito ina jin babu mai wayona daga nan har bakin iyaka.

Abin da na manta shi ne, mu nan ba a jin mutuwa a yi shiru. Na kuma manta cewa da bakina na cika ajin da labarin kakata, cewa ita ce mai soyen kifin da babu kamarta a bakin gulbi, ko makaho ka tambaya zai kai ka gidanta da hanci.

Kwana uku na yi ina shan ruwan tafki. Goran nan da nake gani masunta suna kwanciya a kai kamar katifa, ni da na hau sai ya juye da ni, in sake hawa ya sake juyewa, har yara suka bar kamun kifi suka koma kallona. Duk wahalar nan kifi ɗaya na kama, shi ma bai kai ɗan yatsana ba, kuma ina zargin tausayina ya ji ya shiga homar da kansa. Kakata kuwa ta samu abin yi. Kun san wasan kaka da jika, maigida take ce mini. Kullum na dawo sai ta ce wannan miji nata ba zai iya ci da ita ba, gara ta nemi wani tun da sauran ƙuruciyarta.

Ranar Asabar da hantsi ina tsakar gida ina shanya wandona, ita kuma tana gaban kasko, sai na ji sallama a ƙofar gida. Muryar nan ko a cikin barci na ji ta sai na miƙe tsaye na ce na zo. Malamin ajinmu ne. Ban san lokacin da na faɗa bayan rumbu na kifa babban kwandon kifi a kaina ba. Ta ramukan kwandon na ga an shigo da su, shi da monita da wani abokina da muke zama benci ɗaya. Duk sun yi shigar mutunci, fuskoki a sunkuye. Kakata ta shimfiɗa musu tabarma tana ta lale marhabin.

Malam ya ɗan yi mamakin rashin jama'a, amma ya daure. Ya ce shi malamin jikansu ne, sun zo a madadin makaranta, ya aka ji da haƙuri. Kakata ta ce haƙuri sai ma'aiki, amma wa ya rasu? Ya ce ai tsohuwar gidan, mahaifiyar baban yaron, mai soyen kifi. Ya ɗaga hannu ya fara jero addu'a, Allah ya jiƙanta, Allah ya sa ta huta, ya haskaka makwancinta. Wallahi sai da ta bari ya kai ƙarshe, ta shafa tare da su, ta ce amin. Sannan ta juya kifinta a kasko ta ce, "Malam, na gode ƙwarai. Ai ni ta mamaciyar." Ta waiga wajen rumbu, ta ce, "Maigida, hito ka gaisa da masu ta'aziyyata. Ashe kashe ni ka yi don ka auri budurwa?"

Na fito da kwando a ka, ƙayar kifi a gashi, babu wando sai gajere. Monita ta toshe baki da gyale, kafaɗunta suna rawa. Malam ya dube ni, ya dubi kakata. Kakata ta hana su tafiya sai da suka ci tuwon shinkafa da kifi, tana cewa ba kowace gawa ce ke samun damar ciyar da baƙinta ba. Amma mutum ɗaya bai yi dariya ba, bai kuma taɓa abincin ba. Abokina ne. Shekara ɗaya ke nan da rasuwar mahaifiyarsa. Da za su tafi ya tsaya kusa da ni, ya ce a hankali, "Ni na san zafin abin, shi ya sa na roƙi Malam ya taho da ni." Bulalar duniya ba ta taɓa shiga jikina kamar wannan magana ba.

Kafin Malam ya fita ya gaya mini gaskiya a fili. Ya ce takardar ƙarya dakatarwar mako biyu ce, kuma a cikin makon da za a shiga ne za a ɗauki hoto da zanen yatsun masu rubuta jarabawar fita. Wanda ba ya nan an wuce shi, sai wata shekara. Shekara shida ina jan jiki, ga shi zan zubar da ita a kan kifin da bai kai ɗan yatsa ba. Baba da ya ji labari a wayar da na jefa rijiya, cewa ya yi ba zai taka makarantar ba, wanda ya iya sa hannunsa ya je ya iya roƙonsa.

Kakata ce ta ce ita za ta je. Ranar Litinin da sassafe ta ci ado da atamfarta ta zuwa biki, ta ɗaura kallabi kamar hasumiya, muka hau mota zuwa Birnin Kebbi. Tun daga bakin ƙofa ɗalibai suke leƙe, don labari ya riga mu isowa. A ofishin shugaban makaranta ta zauna ta miƙe ƙafa, ta ce ita ce aka kashe, saboda haka ita ke da haƙƙi, kuma ta yafe rabonta. Amma ba ta zo neman a sake ni haka nan ba. Ta ce yaron da laifinsa gudun makaranta ne, in aka kore shi mako biyu ai an yi masa biki, a nemo hukuncin da zai ɗaure shi a cikinta. Shugaban ya daɗe yana murza gemu. Ya ce doka doka ce, ba ya son gobe kowane yaro ya kashe tasa kakar. Ya kira malamin ajinmu da malamin ladabtarwa suka shiga ciki, ni kuma ina tsugune a waje ina karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa.

Hukuncin da suka fito da shi, a lokacin na so a ce bulala ce. An tara ɗalibai duka a fili, aka ba ni takardar nan in karanta da ƙarfi, kakata tana tsaye a gefena. Ina isa wajen Allah ya yi mata rasuwa ta ɗaga hannu ta gaishe da jama'a, filin ya kece da dariya har malamai. Bayan haka aka ce daga ranar har mu gama, ni zan riƙa ɗauko rajista daga ofis kafin a buga ƙararrawa in kai wa monita, in share ajin, kuma ko minti ɗaya na makara dakatarwar tana nan tana jirana. Ranar Laraba aka ɗauki hotona da zanen yatsuna. A hoton katin jarabawata idona a kumbure yake, kuma wannan karon ba albasa ba ce.

Ban sake fashi ba. Har zazzaɓin gaske na yi sau ɗaya, na je da shi da katinsa. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne abokina. Mako uku muna benci ɗaya ba ya ko kallona. Sai da na bi shi gida, na ba shi haƙuri a gaban babansa, sannan wata rana a aji ya turo mini birona da ya faɗi, ya ce ya jikin marigayiya. Nan na san mun shirya.

'Yan'uwana ɗalibai, a da ina ganin kiran suna tarko ne da malamai suka ɗana don su takura mana. Ranar da na ga mutum uku sun bar hutunsu na Asabar sun hau mota har Argungu saboda sun ɗauka ina cikin baƙin ciki, ranar na gane kiran sunan nan neman mutum ake yi, ana so a san yana ina kuma lafiya yake. In za ku yi fashi, ku faɗi dalilin gaskiya, ku bar iyayenku su sa hannu da kansu. Kada ku yi wasa da mutuwa, don a cikin ajinku akwai wanda ta taɓa da gaske. Kakata dai tana nan da ranta, tana soya kifinta, kuma duk ranar da na kira ta sai ta tambaye ni ko yau ma tana raye ne a wajen hukumar makaranta.