Mai Sayen Rariya a Kasuwar Tanta

Jama'a, a ba da hanya, sarauniyar kasuwar Tanta ta iso! Gajeriya ce, ƙafafunta sun kumbura har sun fi ƙarfin silifas, bayan hannunta duk tabon allura. Ina ji tana gaya wa mai shago sau biyar tana ɓari, an rasa dalili. Sai wata likita ta ce ƙila garkuwar jikinta ce ke yaƙar cikin, ta ɗora ta kan ƙarin ruwan magani.

Yau ga ta wata tara cif, tana zaɓen rariyar da ake kwantar da jariri a ciki ranar suna, bisa al'adar Masar. Tana jijjiga ta a hankali, kamar mai ita ya riga ya iso.

Na ce, "Ranki ya daɗe, a kira makaɗa?"

Ko kallona ba ta yi ba. "Matsa, ɗana, ka tare min haske."