Injin da Ba Ya Tashi da Asuba

Ni manomin albasa ne a wani ƙauye kusa da Danchadi. Sai da furfura ta fito mini na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka a yi haƙuri da rubutuna. A lokacin da abin nan ya faru, tsadar fetur ta hana mu ban ruwa yadda ya kamata. A kasuwar Bodinga na ga injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, na dawo na yi ta bin maƙwabtana na fadama har suka yarda mu haɗa hannu mu saya, ya zama na kowa. Don in nuna da gaske nake, na sayar da tsohon injina.

Ranar da aka kafa farantan sola, ruwa ya yi ta bulbula, muka yi ta hamdala. Washegari da asuba muka fito ban ruwa kamar yadda muka gada, injin ya ƙi motsi. Ashe sai rana ta take yake da ƙarfi, mu kuwa ba ma son ba albasa ruwa da tsakar rana. Da la'asar kowa ya taso da fatanyarsa, ruwan ya zama kamar fitsarin akuya, aka soma cacar baki. Taubashina ya riƙa tambayata a gaban mutane ko injin nan ɗan sarauta ne, da ba ya tashi sai ya gama barcin hantsi. Na yi dariyar yaƙe. Wasu suka koma wa injinansu, suka ce a kwance farantan a sayar. Ni ba ni da abin komawa, ga albasata ta soma yaushi.

Uwargidana ce ta cece ni. Da na kai mata kuka, ta ce ita ba lokacin da ƙishirwa ta kama mu take zuwa rijiya ba, randa take cikawa. Na kai maganar ga mai unguwa, na roƙe shi, Allah ya ja zamaninsa, ya sa a dakata da sayarwa, mu ma mu yi wa injin tasa randar, wato wurin tara ruwa. Sai kuma aka rasa mai ba da fili. Tudun da ruwa zai iya gangarowa ga kowa a gonata yake. Na dubi fangalaina na albasa mafi kyau, na ce a tuge. Aka yi gayya, aka haƙa babban rami aka shafe da siminti, taubashin nan nawa ma shi ya fi kowa kwaɓa. Yanzu injin ya cika ramin da rana, mu buɗe da asuba bi da bi. Bana rumbun albasata har ya yi mini kaɗan.

Na yi nadamar rashin tambaya tun farko. 'Yan uwa manoma, kafin ku haɗu ku kafa sola, ku tambayi lokacin da yake aiki, ku tsara wa zai fara sha, ku kuma san gonar wanda za a taɓa. Injin bai wahalar da mu kamar yadda muka wahalar da juna ba.